Littafin Gyara

Ni ke riƙe da littafin gyara
a rumfarmu ta Jepara, kusa da teku,
inda iskar gishiri ke cin ƙarfe
irin cin da gara ke yi wa gungume,
a ɓoye, ba gaggawa.

Ƙarfe bakwai Parjo ke taɓa makunni.
Kafin shayi ya huce zarto ya soma kuka,
ya kutsa itacen jati kamar mai bin bashi.
Garin katako ya tashi jawur,
ya sauka a gira, a kofi, a kan alƙalamina,
ya shiga huhun inji da na mutum
bai tambayi wane ne wane ba.

Na rubuta: injin goge na uku, boris ya tafi.
Wata huɗu kacal.
Ya zo cikin kwali mai sheƙi, da alkawarin shekara biyu,
amma wanda ya buga alkawarin
bai taɓa goge ƙafar kujera ɗari kafin la'asar ba.
Na rubuta: mahuji mai batir ya fara mantuwa,
cajin asuba ba ya kai shi azahar.
Na rubuta: waya ta tsage a wuya.
Kullum a wuya take tsagewa,
wurin da ake lanƙwasa ta.

Ga kuma tsohon mahujin babana Wagiman.
Kore ne a da, yanzu launin tafin hannunsa ya ɗauka.
Nauyi gare shi kamar kan maraƙi,
samari na kewaye shi su ɗauki na roba.
Shekara goma sha tara yana huda.
Sau shida an sake masa gawayi,
sau biyu kwayil, makunni har na daina ƙirga.
Ƙanwata Darmi ta ce, to me ya rage nasa?
Baba ya ce, halinsa.

Zarto ya cinye kunnen Baba na hagu tuntuni,
da tafi yake sauraro yanzu.
Ya ɗora hannu a bayan inji
kamar uwa mai duba zazzaɓi:
wannan ya gaji, a ba shi iska.
Parjo ya ce, jirgin kaya ba ya jiran mai zazzaɓi,
saura tebur arba'in, ga Alhamis ta matso.

Ranar Talata, ana tsuga ruwan damina,
injin fere ya yi tari sau biyu,
ya saki shuɗin hayaƙi mai warin ƙonannen gashi,
ya yi shiru.
Rumfa duka ta yi tsit.
A karon farko cikin makonni muka ji ruwa a kan kwano,
muka ji kaza na tono a ƙarƙashin benci.
Parjo ya cire hula, ya rasa inda zai ajiye ta.

Baba bai ce ai na faɗa ba.
Ya warware ƙusoshi huɗu, ya hura cikin,
ya shinshina, ya girgiza kai,
ya aiki yaro kasuwa da tsohon amecha a jarida.
Sai na ga ƙusa ta kuɓuce masa.
Ya ɗauka, ta sake kuɓucewa.
Yatsunsa uku fari fat, ba sa jin komai,
rawar inji ta shekara arba'in ta zauna a cikinsu
ta ƙi tashi ko an kashe wuta.

Da dare na buɗe littafi.
Akwai layin suna, layin cuta, layin kuɗin gyara.
Na rubuta: hannun dama, shekara sittin da ɗaya.
Na daɗe ina kallon layi na uku.

Da safe, ƙarfe bakwai,
Parjo ya ɗora tafinsa a bayan zarto
kafin ya taɓa makunni.